Mu ne a layi, su ne a kujera

Duk lokacin da aka fara kaɗa gangar siyasa hoto iri ɗaya nake gani a Facebook, fili ya cika maƙil da mata cikin anko ana ta guɗa, rana na dukansu, wasu da goyo wasu da tsohon ciki, sai ka ɗaga ido ka kalli saman dandamali inda aka jera kujeru da rumfa da ruwan gora, ka ga babbar riga da hula zalla, in ka yi sa'a ka hango mace ɗaya a can ƙarshe, ita ce wimin lida, wato shugabar mata ta jam'iyya, ita ma sai an kusa tashi a miƙa mata abin magana ta ce mata kuna nan? a ce muna nan. Kuma wannan ko wace jam'iyya ce, ta tsintsiya ko ta lema ko ta kayan marmari, duk kanwar ja ce.

Abin ya daɗe yana ci na a rai, amma labarin Gwaggona ne ya sa na ce yau sai na zauna na rubuta.

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, shekara goma sha huɗu tana riƙe da wimin lida ta mazaɓarsu. Wallahi ba don tawa ce ba, babu wanda ya san mazaɓar nan kamar ta. Ta san gidan da aka yi haihuwa jiya, ta san wadda mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da yara biyar, ta san tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita sai an kawo mata Adaidaita har ƙofar gida. Tana da wani tsohon littafin makaranta mai jan bango, duk gefensa ya cinye, a ciki ta rubuta sunan kowace mace da ta yi rijista da lambar akwatinta da wadda ta karɓi katinta da wadda ba ta karɓa ba. Gidan kulle da ɗan takara ba shi da ikon wuce zaure, ita za ta yi sallama ta shige har ƙuryar ɗaki ta zauna bakin gado a yi hira. Ranar zaɓe kuwa tun kafin a kira assalatu ta dama kunu a babbar roba, ta ɗauki tabarmi ta kai bakin akwati saboda masu goyo da tsofaffi, ni kaina na sha riƙe mata kofuna ina yarinya. Kansila uku aka yi a mazaɓar nan da guminta, kuma kowa ya sani, har su kansilolin in sun zo gaishe ta da sallah cewa suke Hajiya ai ke kika ɗora mu.

To akwai wani ɗan asibitin sha-ka-tafi a unguwar da ƙarfe huɗu na yamma ake garƙame shi. Wata maƙwabciyarta, yarinya ce haihuwar fari, naƙuda ta kama ta cikin dare, aka yi ta fama a gida, jini ya ɓalle, kafin a samo abin hawa a kai ta babban asibiti rai ya yi halinsa. Gwaggo ce ta riƙe ta a cinya a cikin Adaidaita, ita ta yi mata wanka. Bayan an share makoki ta je wajen kansila ta ce a samo ungozoma ko ɗaya ce mai kwana, ya ce za a duba. Ta je wajen ciyaman, ya ce Hajiya ki kwantar da hankalinki yana cikin lissafi. Shekara biyu ana za a duba. A cikin shekara biyun nan an gyara filin ƙwallon unguwa an sa masa raga sabuwa, ba na cewa samari ba su da haƙƙi, amma ku duba dan Allah wanne ya fi gaggawa.

Shi ne fa da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso ta ce ita ma za ta fito kansila. Ta sayar da awakinta biyu, ta ɗauki adashinta, 'ya'yanta suka haɗa mata abin da ya sauwaƙa, ta sayi fom, aka buga mata fosta da hijabinta ruwan toka. Mijinta, Allah ya saka masa da alheri, bai hana ta ba, cewa ya yi in dai don asibitin nan ne ki je Allah ya taimaka. Sati bai zagayo ba maganganu suka fara yawo, wai ta fi ƙarfin mijinta, wai me dattijuwa kamar ta take nema a cikin maza, har aka samu wanda ya bi dare ya shafa wa fostocinta baƙin mai. Mutanen da shekara goma sha huɗu take shiga cikinsu tana musu aiki ba su taɓa ganin rashin kamun kai ba sai ranar da ta nemi kujera.

Kuma ba a kai ga zaɓen fidda gwani ba ma. Ana saura kwana uku aka kira mitin a gidan wani babba ƙarfe ɗaya na dare, ba a gaya mata ba, ko da an gaya mata wace matar aure ce za ta fita ƙarfe ɗaya na dare? Da safe sai ga tawaga, aka zauna a zaure aka gaisa, babban cikinsu ya ce Hajiya an yi masalaha, ke uwa ce a wajenmu, ki yi haƙuri ki bar wa ɗanki, gaba taki ce. Ɗan nata da ake magana yaron gidan wani ɗan majalisa ne, ko shekara biyu bai yi da dawowa unguwar ba. Suka ajiye mata turmin atamfa biyu da ambulan suka tashi. Da na je gaishe ta da yamma na tarar atamfar na nan a kan tabarma inda suka bar ta, ta kalle ni ta ce 'yar nan, ba kujerar ce ta dame ni ba, wanda suka ba wa ko hanyar asibitin bai sani ba. Ban taɓa ganin hawayen Gwaggo ba sai ranar.

Daga nan na fara bin lissafi, na ga ashe abin da ya faru a zauren Gwaggo shi ne yake faruwa har Abuja. A rijistar INEC ta zaɓen 2023 mutum miliyan 93 da ɗoriya ne, mata kashi 47.5 cikin ɗari, kusan rabi ke nan. Amma Majalisar Dattawa mai kujeru 109 mata uku kacal aka rantsar, Ireti Kingibe daga Abuja, da Ipalibo Banigo daga Ribas, da Idiat Adebule daga Legas, sai daga baya kotu ta ba Natasha Akpoti ta Kogi kujerarta suka zama huɗu. A 2007 mata tara ne a wannan majalisar, wato baya ma muke yi. Majalisar Wakilai kujeru 360, matan ciki ba su kai ashirin ba. In ka dawo gida Arewa abin ya fi ban takaici, majalisar dokokin Kano kujeru 40 babu mace ko ɗaya, Katsina 34 babu, Jigawa 30 babu, Sakkwato babu, Zamfara babu. Kuma a waɗannan zaurukan ake zama a kan kasafin asibitocin haihuwa da makarantun 'yan mata da dokar fyaɗe, akwai kwamitin harkokin mata ma, namiji ne yake shugabantarsa don babu macen da za a ba.

Mutane da yawa musamman yaran yanzu ba su san cewa ita kanta ƙuri'ar da muke bin layi muna dangwalawa ba kyauta muka same ta ba. Matan Kudu sun fara zaɓe tun shekarun 1950, mu matan Arewa har aka samu 'yancin kai a 1960 aka gama Jamhuriya ta Farko ba mu da ƙuri'a, sai a 1976 aka ba mu, babban zaɓen da iyayenmu mata suka fara shiga shi ne na 1979. Akwai wadda ta ci duka ta sha ɗauri a kan wannan, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, an haife ta 1933, tana da ƙuruciyarta ta shiga NEPU ta Malam Aminu Kano, ta riƙa bin gidaje tana wa matan kulle magana a kan ilimi da auren wuri da ƙuri'a, aka kama ta a Kano aka ɗaure, aka kore ta daga garin, tarihinta ya nuna sau 16 tana shiga gidan yari. Ta rasu 2001, yau ga babban asibiti a Zariya da sunanta, 'yan siyasa na ta yabonta a taro, amma da Gambo za ta dawo ta nemi takara a yau na tabbata masalaha za a yi a ce ta janye. Shi kuwa Malam Aminu a 1983 mace ya ɗauka mataimakiya a takarar shugaban ƙasa a PRP, Bola Ogunbo, Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilun shekarar kafin zaɓe. Duk masu jan hula da masu kiran sunan Malam a kan dandamali, wannan ɓangaren na tarihinsa ba su cika tunawa da shi ba.

Sai a ce ai matan ne ba sa fitowa, ko kuma a ce mutanen Arewa ba za su taɓa zaɓar mace ba. Ni ban yarda ba. Marigayiya A'isha Jummai Alhassan, Mama Taraba, a zaɓen gwamna na 2015 ta girgiza Taraba har kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ce ita ta ci, kotun ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli suka mayar wa Darius Ishaku. A'ishatu Binani a Adamawa ta kada maza manya a zaɓen fidda gwani na takarar gwamna a 2022, cikinsu har da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Bindow, ta kai zaɓen 2023 har zagaye na biyu, kuma ni dai ba na goyon bayan abin da kwamishinan zaɓen jihar ya yi na sanar da ita alhali ba a gama tattara sakamako ba, wannan kuskure ne ya kuma ɓata mata tafiya, amma dubban ɗaruruwan ƙuri'un da ta samu mutane ne suka dangwala, maza da mata, malamai da 'yan kasuwa. Binta Masi Garba ta wakilci Kaduna ta Kudu a Majalisar Wakilai tun 1999, ta koma gida ta wakilci Madagali da Michika, ta zama sanata a 2015. Zainab Kure ta yi sanatar Neja ta Kudu sau biyu. Dakta Hadiza Balarabe tun 2019 take mataimakiyar gwamnan Kaduna. Saboda haka talaka in ya ga mace a kan takardar ƙuri'a kuma ya yarda da ita yana zaɓarta. Matsalar ita ce sunan nata ya kai kan takardar, a nan ake yanke mu. Har yau ƙasar nan ba a taɓa zaɓar mace gwamna ba, Virginia Etiaba ta Anambra wata uku ta yi daga ƙarshen 2006 lokacin da aka tsige Peter Obi, kotu ta dawo da shi ta sauka.

Za a ce maka ai jam'iyyu sun yafe wa mata kuɗin fom. Gaskiya ne ana ragewa, a 2022 APC ta sa fom ɗin gwamna naira miliyan 50, na sanata miliyan 20, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10, aka ce mata su biya na nuna sha'awa kawai. Amma duk wanda ya taɓa kusantar siyasa ya san fom shi ne mafi arha a cikin tafiyar. Deliget, wato wakilan jam'iyya masu fidda gwani, fa? Motoci fa, da fosta, da ejan-ejan na kowane akwati, da lauya in an je kotu? Macen da gadonta gona ce guda ko ɗan kunne da sarƙa ina za ta kama? Wani lokacin ma fom ɗin kyautar makami yake zama, a ce ai ke ba ki kashe komai ba, ki janye wa wanda ya zuba kuɗinsa. Ga kuma tsoro, wanda ba wasa ba ne, a Nuwamban 2019 bayan zaɓen gwamna a Kogi aka cinna wa gidan Salome Abuh wuta tana ciki, wimin lida ce ta mazaɓa kamar Gwaggona, ta ƙone ƙurmus. Wane miji ne zai ji wannan, ko ya ga 'yan jagaliya da gora da wuƙa a bakin wajen firamare, ya ce wa matarsa je ki?

Amma abin da ya fi kuɗi da gora kashe mana gwiwa shi ne baki. Namiji in ya fito takara ana tambayar me ya yi wa jama'a, mace in ta fito ana tambayar wa ya tsaya mata kuma me ta ba shi. In ba ta da aure a ce ta je ta yi aure tukuna, in bazawara ce a ce wadda ta kasa riƙe gida ina za ta riƙe jama'a, in tana aure a wata jiha a ce ba 'yar nan ba ce, ta koma garin ubanta a ce ai kin zama ta can. Kuma abin da ke ƙona min rai, mu mata muna cikin masu yaɗa irin wannan a gidan biki da guruf-guruf na WhatsApp. Kowace mai mutunci sai ta ja baya don tsare sunanta da na 'ya'yanta, sannan a dawo a ce ai matan kirki ba sa siyasa.

Maganar addini kuma ba na wasa da ita. Hadisin da ake kawowa a kan mutanen da suka damƙa al'amarinsu a hannun mace ingantacce ne, ba na jayayya da shi, amma malamai sun yi bayani a kan iyakarsa, akwai waɗanda suka taƙaita shi a kan shugabancin ƙoli, kuma kansila ko 'yar majalisa wakiliya ce, aike ne aka yi mata ta je ta faɗi damuwar mutanenta. Ranar Hudaibiyya shawarar Uwar Muminai Ummu Salama ce ta warware damuwar da aka shiga. A ƙasarmu kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajis tana ɗora musu malfa suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, babu wanda ya ce ta fita daga tarbiyya. Abin da ke ɗaure min kai, wanda zai ce haramun ne mace ta zauna a majalisa shi ne zai aiko da bas a kwashi matan unguwa a kai su filin taro su wuni a rana cikin cunkoson maza. In fitar ce matsala ai waccan ta fi muni.

Mu leƙa maƙwabta mana. Nijar, 'yan uwanmu ne, yare ɗaya addini ɗaya, tun shekarar 2000 suka yi dokar ware wa mata kaso, aka fara da kashi 10 na kujerun zaɓe, a 2014 aka kai 15, a 2019 aka kai 25, majalisar da aka zaɓa a ƙarshen 2020 mata fiye da arba'in ne a cikinta kafin juyin mulkin 2023 ya rushe ta. Matan Maradi da Damagaram da Tawa ne fa, masu lulluɓi irin namu. Senigal da mafi yawansu Musulmi ne sun yi dokar raba daidai a 2010, mata sun haura kashi 40 a majalisarsu. Mu kuwa tun 2006 aka rubuta a ba mata kashi 35 na muƙamai a manufar ƙasa, takarda ce kawai. Ranar 1 ga Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar na mata a gyaran tsarin mulki, mata suka tare ƙofar majalisa kwana da kwanaki, a watan Afrilun shekarar wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce gwamnati ta cika kashi 35 ɗin a naɗe-naɗe, ku ƙirga ministoci da kwamishinonin jiharku ku gani ko an cika.

Akwai ƙudurin keɓe wa mata kujeru da mataimakin kakakin majalisa Benjamin Kalu ya jagoranta, a ƙara kujera ɗaya ta sanata da ɗaya ta wakilai a kowace jiha da Abuja, da uku-uku a majalisun jihohi. Ina goyon bayansa, amma ba zan ɓoye fargabata ba, in dai masu mitin ɗin ƙarfe ɗaya na dare ne za su raba waɗannan kujerun to matan manya da 'ya'yansu da ƙannensu za a jera, irin su Gwaggo kuma a ci gaba da aiko musu atamfa. Duk da haka gara a buɗe ƙofar, yarinyar da ta tashi tana ganin mace a majalisar jiharsu ba za ta ɗauki abin baƙo ba, mu ba mu samu wannan ba.

Shi ya sa ni yanzu hankalina ya fi karkata ga mazaɓa. Mazaɓu 8,809 ne a ƙasar nan, Kano kaɗai 484, kowace tana da shugabannin jam'iyya, ciyaman da sakatare da ma'aji da sauransu, daga nan deliget suka saba fitowa, su kuma deliget su ne suka saba fitar da ɗan takara. Yawancinmu katin zaɓe gare mu ba mu da katin jam'iyya, ranar da ake zaɓen shugabannin mazaɓa muna gida ba mu ma san ana yi ba, sai an gama dafawa a kira mu guɗa. Me zai hana mace ta nemi sakatare ko ma'aji, me ya sa kullum wimin lida? Mu da muka iya adashi, muka iya haɗa gudummawar biki ta dubban ɗaruruwa cikin sati guda, za mu iya haɗa wa 'yar uwarmu kuɗin ejan da na fosta. Kuma mu dage a riƙa yin mitin da rana a ofishin jam'iyya, wannan ba alfarma ba ce, maza masu mutunci da yawa ma ba sa son yawon daren nan. Iyayenmu maza da yayyenmu da mazajenmu, dan Allah in taku ta nuna sha'awa kuma kun san halinta ku raka ta, ganin miji ko wa a bayan mace kaɗai yana rufe bakin mutum ɗari.

Satin da ya wuce na je wajen Gwaggo, na same ta a tsakar gida da tabarau a hanci da jan littafin nan a cinya, ta ja sabon layi da biro a gefen kowane shafi. Na ce Gwaggo wannan kuma na mene ne? Ta ce na masu katin jam'iyya ne 'yar nan, mata sittin da uku na kai suka yanka, so nake su kai ɗari biyu kafin zaɓen shugabannin mazaɓa, sakatare za mu nema, akwai wata malamar firamare a bayan layinmu mai hankali na riga na je na roƙi mijinta ya amince. Na ce ke fa, kin haƙura da kansilan? Ta ce wa ya gaya miki, ai asibitin har yanzu ƙarfe huɗu ake rufe shi. Sai ta juya shafi ta nemo sunana, ta ce ke ma ban ga naki ba, gobe ki zo da hoto fasfo biyu.